Ugu ko alobera, wanne zan sa a lungun bayan ɗaki?

Maman Tagwaye, Nima

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Muna haya a nan Nima cikin Ankara (Accra) ta Ghana, bayan ɗakinmu akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da katanga baifi taku uku ba, rana tana samunsa daga safe zuwa azahar. Mai gidan ya yarda in ajiye shuka amma wajen duk siminti ne, sai dai a bokiti ko buhu. Inada bokitin fenti guda biyu da buhun shinkafa ɗaya. Raina ya rabu biyu ne, ugu nake so saboda na ci shi a miyar agushi wajen maƙwabciyata kuma yarana da basa son ganye sun cinye tas, ga kayan miya kullum ƙara tsada suke a kasuwar Mallam Atta, to amma kuma ina son alobera saboda gashin 'yata da ƙunar kicin. Babbar damuwata ruwa, famfonmu ba kullum yake kawowa ba, wani satin ruwa muke saye a galan Kufuor, wato jarka mai ruwan ɗorawa. Wanne zai fi mini?

Ɗan Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam yaya. Ni dai ugu zan ce miki, shekara uku kenan ina shuka shi a bayan shagona. Asante suna ce masa krobonko, ba baƙon ƙasar nan bane. Amma ki sani tun yanzu bokitin fenti ya masa kaɗan, saiwarsa tana son zurfi, buhun nan naki shi zaki cika da baƙar ƙasa ki haɗa da kashin kaji wanda ya daɗe ya huce, in sabo kika zuba zai ƙona shi. Ki huda gindin buhun.

Inda mutane suke faɗuwa wajen iri ne. Irin ugu ba kamar na kuɓewa ko wake bane da zaki shanya ki ajiye sai baɗi, da ya bushe ya mutu, dole ki samu wanda aka fasa ɗan aka ciro kwanan nan, da nauyinsa a hannu, in kin kaɗa kinji yana ƙara a ciki kar ki saya. Ki sa bakin mai tsini ya kalli ƙasa, kar ki binne da zurfi sosai, cikin sati ɗaya zuwa biyu zaki ga ya fito. Sannan akwai mace akwai namiji a cikinsa kuma ba a ganewa daga iri sai ya girma, macen ita ce mai faɗin ganye da kaurin jiki kuma ita ke yin ɗa, shi yasa nake sa uku ko huɗu ba ɗaya ba. Ki ɗaura masa igiya daga buhun zuwa saman katanga, shi da kansa zai kama ya hau, wajen sati shida kin fara yanka, ki riƙa yankan kan reshen da wuƙa mai kaifi zai ƙara tohowa ta gefe, duk bayan sati biyu ko uku kina da na miya. Wlh ranar da kika fara tsinko ganye a bayan ɗakinki kika zuba a tukunya zaki ji wani daɗi daban.

Hajiya, Maamobi

Ɗana na Aboabo duk abinda ka faɗa gaskiya ne amma ka manta kai a Kumasi kake. Ruwan saman da kuke samu ya kusa ninka namu na Ankara, ku ƙasarku da danshi kusan duk shekara, mu nan in aka wuce Yuni sai ɗan na Satumba da Oktoba, daga Disamba kuma hunturu ya shigo iska ta busar da komai. Ugu a buhu a kan siminti mai ɗaukan zafi, in ya cika ganye kullum sai ya sha, kwana biyu kika tsallake zaki tarar ya yi laushi ya sunkuyar da kai. Yarinyar nan ta ce sayen ruwa take.

'Yata ki fara da alobera. Mu da kabar giwa muka sani a arewa, dangi ɗaya ne. Nawa tun aurar da autata yake nan, daga tukunya ɗaya yanzu sun kai bakwai banda waɗanda na raba wa mutane, don da kansa yake fidda 'ya'ya a gindi, kar ma ki kashe sidi ko ɗaya, duk mai shi zai ciro miki. In an ciro ki barshi a inuwa kwana biyu wajen yankan ya bushe kafin ki dasa. Shi ba ƙishi ke kashe shi ba, yawan ruwa ne. Ki huda bokitin da ƙusa mai zafi wuri da yawa, ki haɗa ƙasar da yashi kusan rabi da rabi, ki bashi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, ki tura yatsa ki ji. Watan Mayu da Yuni ki jawo shi ƙarƙashin rufi kar ruwan kwano ya riƙa zuba a kansa, na taɓa rasa guda biyu a haka, gindin ya ruɓe ya yi baƙi ganyen suka zube ɗaya bayan ɗaya, abin ya dame ni sosai. In kinga ganyen ya koma ja-ja rana ce ta masa yawa, ki matsar da shi. Sai dai fa haƙuri, ƙaramin da zaki dasa ba yanzu zai baki ganye mai kauri na gashi ba, yana ɗaukan lokaci.

Nas ɗin Madina Zongo

Bari in sa baki a kan lafiya tunda akwai yara. Alobera in kin yanka akwai wani ruwa rawaya mai ɗaci da yake fitowa daga ƙarƙashin ɓawon, shi ne ke sa gudawa da murɗar ciki, ki jingina ganyen a kofi ya tsiyaye tukuna sannan ki feɗe ki ɗebi farin na ciki. Mai ciki kar ta sha, yara ma kar a basu. Ƙuna kuma ki fara sa wajen a ruwa mai sanyi kamar minti 20, alobera na ƙaramar ƙuna ce da fata ta yi ja kawai, in ta tashi ta yi bororo babba ko a fuska ko yaro ne ƙarami a kawo asibiti dan Allah, muna ganin waɗanda suke zuwa a makare. Ugu kuwa ganye da iri ake ci, saiwarsa guba ce, in kin tuge ki zubar inda yara da awaki basa kaiwa.

Maman Tagwaye, Nima

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shige ni don gsky ban yi lissafin hunturu ba. Bokitan biyu zan sa alobera wannan satin. Amma ugun nan bai fita raina ba, in na jira farkon damina wajen Afrilu na shuka a buhun fa? Ko banza na ci na wata shida.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Haka ma yafi yaya. Kuma ki sa roba a inda kuke alwala, mutum huɗu sau biyar a rana ruwan ba kaɗan bane, ki haɗa da na wankin shinkafa, ya ishi buhu ɗaya ko ruwa ya ɗauke. Banda mai omo ko sabulu ko gishiri. Ki ɗora buhun a kan bulo biyu saboda zafin siminti, kuma ki yi wa 'yan Najeriya masu sayar da ganye magana tun Maris su ajiye miki ɗan ugu sabo, a gabanki za a fasa.