Za mu koma Abuja da yara uku: Kubwa ko Mararaba, kuma wace irin makaranta?

Maman Sadik:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Abuja, ofishinsu na wajen Sakatariyar Tarayya. Shi ya riga ya tafi, yana raɓe a ɗakin wani abokinsa, mu kuma sai an yi dogon hutu za mu bi shi, don yara su fara zangon farko a can cikin watan Satumba.

Yaranmu uku. Sadik zai shiga aji biyu na babbar sakandare, Ilham za ta shiga aji shida na firamare, sai auta da zai fara aji ɗaya. A nan duk makarantar kuɗi ɗaya suke, da ƙafa suke zuwa, su dawo su ci abinci, ƙarfe huɗu su wuce Islamiyya. Na san malamansu, na san iyayen abokansu. A can kuwa ban san kowa ba.

Dillali ya nuna masa gida biyu, ɗaya a Kubwa, ɗaya a Mararaba. Na Mararaba ya fi girma kuma ya fi sauƙin haya, zuciyarsa can ta karkata. Ni na ce a dakata da biyan kuɗi sai mun san inda yara za su yi karatu. Ya turo min hotunan wata makaranta mai bene hawa uku da motoci masu fenti, amma kuɗin zango ɗaya na yaro ɗaya ya kusa abin da muke biya wa su ukun a nan. Don Allah waɗanda suka san garin, me ake dubawa? Kuma yaya ake yi da karatun addini? Sadik ya yi nisa a hadda, ba na so ta zube.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa canjin ya zama alheri. Kin yi dabara da kika hana a biya haya tukuna, domin yawancin mutane gida suke fara kamawa, daga baya su cusa yara a duk makarantar da ta faɗo kusa.

Maganar bene da fenti, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ni da na ƙare aikina a cikin aji, ga abin da nake gaya wa 'ya'yana idan suna neman makaranta wa jikokina. Ki ce wa maigida ya je ranar karatu, da tsakar safiya, ba tare da ya sanar da zuwansa ba. Idan an zaunar da shi a ofis an miƙo masa takarda mai hotuna, ya karɓa ya yi godiya, sannan ya roƙi a nuna masa littattafan rubutu na 'yan aji uku na firamare. Ba na ɗalibin da ya fi kowa ba, a ɗebo guda huɗu ko biyar daga tsakiyar tari. Ya duba kwanan wata: kullum ake aiki ko kuwa akwai mako biyu da shafi yake fari? Jan biron malami gyara yake yi, ko tsinke kawai yake ja ya wuce kan kuskure? Aji uku nake cewa saboda a nan ake gane ko yaro ya iya karatu ko haddace allo yake yi. Makarantar da ta riƙe aji uku da kyau, da wuya sauran azuzuwanta su lalace.

Sai ya tambayi malamar ajin da kanta, ba mai makarantar ba, shekara nawa ta yi a wurin. Makarantun kuɗi da yawa kuɗin iyaye a gini yake ƙarewa, malami kuwa a ba shi abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba. To da ya samu inda ya fi sai ya tafi, yaro ya ga malamin lissafi uku a shekara ɗaya. Idan ka tarar da malamai sun yi shekara biyar, shida a wuri, akwai abin da ya zaunar da su. Ba laifi ya tambaya ko suna da takardar koyarwa ta NCE da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, amma ni daɗewar ta fi min takardar.

Kan Sadik kuma a yi hattara. WAEC tana karɓar makin gwajin da ɗalibi ya tara tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, makaranta ce ke tura shi, don haka gara a sauya masa yanzu a aji biyu da a bari sai aji uku. Ku tambaya ƙarara: ɗalibanku a nan cikin harabarku suke zana WAEC da NECO, ko wata makarantar ake kai su? Idan kai su ake yi, ko dai ba su da cikakkiyar amincewar hukuma, ko akwai wata a ƙasa. Wanda kuma ya bugi ƙirji ya ce muku a wurinsu ba a faɗuwa jarrabawa, ku tashi ku ba shi kujerarsa. Satar amsa yake tallata muku.

Ummu Haidar:

Sannu Maman Sadik, ni a Kubwa nake, daga Zariya muka zo. Duk abin da Baba Hedimasta ya faɗa haka yake, amma bari in ƙara miki da abin da uwa ce kawai take gani: nisa.

Da muka zo, wata makaranta a cikin gari muka sa yara saboda sunanta. Motar makaranta kan zo tun gari bai gama wayewa ba, domin mu ne farkon ɗauka kuma mu ne ƙarshen saukewa. Ƙaramar a mota take ƙarasa barcinta, ta dawo dab da magariba ko abinci ba ta iya ci. Shekara na zagayowa muka dawo da su wata ƙarama a cikin unguwa, ba ta da bene, amma ina iya leƙawa da hijabina a duk lokacin da na ga dama. Musamman autanki, kada ki yarda a sa shi inda sai an hau babban titi.

Makarantun firamare na gwamnati, waɗanda ake kira LEA, akwai malamai masu takardu a cikinsu sosai, sai dai cunkoso a aji. Kuma ki sani ƙananan hukumomi shida na Abuja ne ke biyan malamansu, Kubwa tana ƙarƙashin Bwari. A 2025 malaman sun yi yajin aikin da ya haura wata uku kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yara suna zaune a gida. Ga Ilham da ke ajin ƙarshe, ni ba zan yi kasadar ba. Idan kuna sha'awar makarantun haɗaka na tarayya, a aji shida ake zana jarrabawar shiga, NECO ce ke shiryawa, kuma akwai ta 'yan mata a Bwari, nan kusa da mu. Ki tabbatar makarantar da za ki sa ta tana yi wa ɗalibai rajistar.

In za ku tambayi kuɗi, kada ku tsaya kan kuɗin zango. Ku ce a rubuto muku komai na shekara: fom, yunifom da kayan wasanni, littattafan da dole a wurinsu za a saya, mota, darasin yamma, kuɗin walimar ƙarshen shekara. A nan ne ake shan mamaki.

Islamiyya kuwa, ki cire rai da tsarin huɗu zuwa shida na gida, don makarantu da dama sai uku ko huɗu suke tashi. Ko dai ta Asabar da Lahadi, ko masu haɗa boko da hadda wuri ɗaya. Masu haɗawar suna da daɗi ga uwa, amma wasu suna ne kawai, za a ce yaro ya kai izu goma, ki ja masa baƙi ya tsaya. A sa malamin ya saurari Sadik kafin a biya ko kwabo. Ki kuma tambaya ko Hafsu suke bi ko Warshu, kar a rikita masa abin da ya saba.

Wani abin da ba wanda ya gaya min: Hausar yara. Shekara biyu, na ji ɗana yana gaida kakarsa a waya da Turanci. A gida yanzu doka ce, Hausa zalla.

Baban Yusra:

Ni a Mararaba nake, kuma ku daina tsorata baiwar Allah. Idan yara a cikin unguwa za su yi karatu, cunkoson Nyanya zuwa AYA maigida ne kaɗai zai sha shi, shi kuwa namiji ne. Rarar kuɗin haya sai ta tafi makaranta. Akwai Hausawa da Islamiyyu birjik. Abu ɗaya dai, Mararaba jihar Nasarawa ce, ƙaramar hukumar Karu, don haka takardar amincewar makaranta daga ma'aikatar ilimi ta Nasarawa za ki nema, ba ta Abuja ba.

Shawarata kan Sadik: shekara biyu ta rage masa. Ku bar shi Katsina wajen kakanninsa ko a makarantar kwana, ya ƙare inda ya saba.

Maman Sadik:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Yusra, maganar kwana kam a bar ta, tun da aka sace ɗaliban makarantar kwana a Ƙanƙara a Disambar 2020 zuciyata ba ta ɗauka. Kakanninsa kuma sun manyanta, yaro ɗan shekara 15 sai da idon uba. Sannan ai wannan namijin da zai sha cunkoson shi ne mai duba musu aikin gida, in ya dawo ƙarfe tara na dare wa zai duba? Na fi karkata ga Kubwa, ga tashar jirgin ƙasa zuwa Rigasa ta Kaduna idan za mu gida. Na karanta wa maigida maganar littattafan aji uku, ya yi dariya ya ce za a ɗauke shi sufeto, amma zai je ranar Talata.

Baba, wane takardu zan karɓa daga makarantarsu ta nan kafin a yi hutu?

Tsohon Hedimasta:

Takardar canjin makaranta ta kowane yaro mai sa hannu da hatimi, da sakamakon zangunan da suka wuce. Na Sadik ki haɗa da sakamakon jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da makin gwajinsa na aji ɗaya. Ki ajiye takardun haihuwa a jaka ɗaya da su, kuma ki duba sunan kowane yaro harafi-harafi, kar wata ta ce Sadik wata ta ce Abubakar. Ki karɓa tun yanzu, Hajiya, in aka tafi hutu sai kin yi ta bin mai hatimi gida-gida.