Ciwon diddige ya ƙi jin magani, mene ne mataki na gaba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina fama da ciwon diddigen dama, wanda ya fi tsanani a takun farko da safe, kamar na taka ƙusa, sannan ya lafa idan na ɗan zagaya. Na sha magungunan rage zugi, na canza takalmi, an kuma yi mini allura a wurin, amma sauƙin bai daɗe ba. Shin in sake karɓar allurar, ko kuwa tiyata ce ta rage?

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Alamomin sun yi kama da ciwon jijiyar nan mai kauri da ta taso daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu. Ina roƙonki kada ki yi gaggawar maimaita allurar sitiroyid, wato allurar rage kumburi da akan yi a wurin ciwon, domin amfaninta na makonni ne kawai, yawaita ta kuma yana iya tsinka jijiyar ko ya zaizaye kitsen da ke tare ƙashin daga ƙasa. Kafin komai, a sake tabbatar da cutar, saboda tsagewar ƙashi da matsewar jijiyar saƙo ma suna kawo irin wannan ciwon, musamman idan akwai sagewa ko zafi cikin dare. Hoton sikanin yana nuna kaurin jijiyar, wanda idan ya wuce milimita 4 yakan ƙarfafa zaton.

Mai gashin ƙashi: Na goyi bayan Malama. Mutane da yawa da suke cewa motsa jiki bai yi musu aiki ba, miƙe sharaɓa kawai suka yi na ɗan lokaci suka bari. Ki tsaya a bakin matakala, ki naɗe tawul a ƙarƙashin yatsu, ki ɗaga diddige a hankali, ki dakata, ki sauke a hankali, kwana ɗaya bayan ɗaya har wata 3. Idan an wuce wata 6 babu canji, akwai na'urar da ke buga wurin da igiyar sauti mai ƙarfi, yawanci sau 3 zuwa 5, mako-mako, ba tare da yanka ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hoton ƙashi ya nuna ɗan tsiro a diddigen, ba shi ne za a cire ba?

Mai gashin ƙashi: Ba lallai ba ne, Hajiya, domin ana samun tsiron a ƙafafun da ba su taɓa ciwo ba. Likitan ƙashi yakan duba batun tiyata ne bayan kusan shekara guda, idan duk waɗannan hanyoyi sun gaza.