Wai yaro yana mantawa?

Baban Zainab: Jama'a, an kawo wa maƙwabcina a nan Gusau ɗan ƙanwarsa riƙo daga wajen Tsafe, shekararsa 9. A can mijin uwarsa yana jibgarsa, ya kuma hana shi abinci. Yanzu kullum fitsarin kwance, ko kai ka ɗaga hannu za ka sosa sai ya kare fuska. Matar gidan ta ce asibiti. Ni na ce a ƙyale shi, yaro ba ya riƙe abu. Mu ma mun sha dorina, ga mu lafiya lau.

Malama Nas: Yaya, wannan yaron tsoro ne ya zauna masa a jiki. In yaro ya daɗe cikin fargaba, jikinsa yakan yi ta zubo sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, barci ya lalace, karatu ya ƙi shiga. A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, an tambayi manya sama da 17,000 abin da suka fuskanta suna yara. Waɗanda suka fi shan wuya su suka fi kamuwa da ciwon damuwa, shaye-shaye, har da ciwon zuciya.

Kawu Na Anka: Wannan na Turawa ne, 'yata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hadisi ma ya ce a doki yaro kan salla in ya kai 10.

Malam Liman: Kawu, malamai sun ce dukan da ba ya raunata jiki, kuma ban da fuska. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, Annabi bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Hana yaro abinci fa, ina hujjarsa?

Maman Abba: Ku bari in faɗa. Kishiyar uwata ta riƙe ni. In na yi laifi, ɗakin ajiyar hatsi take kulle ni, cikin duhu, ɓeraye na bi ta kan ƙafata. Yau shekarata 41, 'ya'yana biyar. Wallahi har yanzu ban iya kwana ba fitila, kuma in aka ja ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Kowa kallon mai lafiya yake yi mini, Yaya.

Kawu Na Anka: Allah sarki. Wannan kam zalunci ne. Amma ni dai ban sauka daga kan bulalar tarbiyya ba.

Baban Zainab: To Malama, mi za a yi wa yaron?

Malama Nas: A daina yi masa faɗa ko dariya kan fitsarin. A kai shi wajen likitan yara a duba mafitsara tukuna, a faɗa wa likitan labarin gaba ɗaya. Abinci kuma a kan lokaci, ya riƙa ganin kwanonsa kullum.