Kwalliyar ƙofar gida ta Halowin, a taimaka da shawara

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan gida. Waɗanda suka daɗe a nan Amurka ku agaza mini. Layinmu a nan Ohio tun ƙarshen Satumba kowa ya cika gaban gidansa da ƙwarangwal da kabewa saboda Halowin, bikin nan na shigar ban tsoro da ake yi daren 31 ga Oktoba, namu kaɗai ne fayau. Yara sun tasa ni gaba, wai abokansu na tambaya ko ba kowa a gidan. Ina so in yi abin da zai burge amma kada ya wuce dala 150. Ta ina zan fara?

Kawu na Bronx: Wa alaikumus salam. Fara da istigfari 😂

Anti 'yar Jos: Kada ki biye wa Kawu. Ki leƙa shagon Dollar Tree tukuna, jemagun roba da ƙananan fitilu duk suna nan da araha. Shagon Spirit Halloween akwai kaya masu kyau amma kuɗinki ba zai daɗe a can ba.

Ɗan autan zaure: Ƙaton ƙwarangwal ɗin shagon Home Depot mai ƙafa 12 kawai za ki saya, an gama magana. Tun da ya fito a 2020 ake rububinsa.

Anti 'yar Jos: Auta, dala 300 ba ɗaya aka fara sayar da shi. Ta ce 150. Kuma bayan biki a ina za ta ajiye shi, ɗakinka?

Baban Walida: Maman Tagwaye, bari in ba ki labarina, ki ɗauki abin da za ki ɗauka. Shekarar da muka tare a gidanmu na wajen Dallas zuciya ta ɗebe ni, na ce sai na fi maƙwabcina. Na sayo fatalwar nan da ake hura wa iska, doguwa har ta kusa taɓo rufi, da injin hayaƙi, da allunan kabari shida na soso, da kabewa huɗu. Ranar farko ina buga turke a ciyawa sai na ga ruwa na tsartuwa, ashe bututun ban-ruwa na fasa. Mai gyara ya karɓi abin da ya fi kuɗin fatalwar.

Kuskure na biyu, duk na jona su a doguwar waya ɗaya irin ta cikin ɗaki. Da aka yi ruwan sama, soket ɗin waje mai maɓallin nan ya katse wuta, Allah ya taimake ni da ya katse. Ita kuwa fatalwar fanka ce ke riƙe da ita, wuta na ɗaukewa sai ta zube a ƙasa kamar zanin da iska ta kaɗo daga igiya. Allunan kabarin ba su da nauyi ko kaɗan, ɗaya sai a tafkin ninƙayar maƙwabci aka tsamo shi. Kabewa na fafe tun 20 ga Oktoba, ga zafin Texas, kwana huɗu ta yi fumfuna ta lotsa, ƙudaje suka mayar da ƙofata kasuwa.

Duk wannan mai sauƙi ne. A makon ne surukata ta iso daga Zariya, cikin dare muka ɗauko ta daga filin jirgi, wutar ta sake katsewa, ba ta lura da komai ba. Kafin in kwanta na gyara. Da asuba Hajiya ta ɗaga labule ta ga farin abu tsaye yana rangaji, idanu jajur, ga kaburbura a jere. Salatin da ta saka har yau yana kunnena. Ta ƙi karyawa sai da na sace iskar abin a gabanta. Wata uku ta yi da mu, kullum sai ta tofa addu'a a wannan ciyawa. Daga ƙarshe kuma ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko mini takarda don na bar allunan har tsakiyar Nuwamba.

In dai za ki yi, waya ta waje, turke gajere, ki duba dokar unguwarku, kabewa kuma kada ki fafe sai saura kwana biyu ko uku.

Kawu na Bronx: Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ita kaɗai ce mai hankali a labarin nan.

Ɗan autan zaure: Yaya, injin hayaƙin yana nan? A ba ni aro.

Baban Walida: Yana gareji. Amma ka sani hayaƙin da ɗumi yake fitowa, sama yake tashi. Sai ka bi da shi ta cikin kula mai ƙanƙara sannan zai kwanta a ƙasa kamar hazo. Iska kaɗan kuma ta kwashe shi.

Hajiya ta Maryland: Abu ɗaya zan roƙa, ban da yanar gizon ƙaryar nan da ake shimfiɗawa a kan shuke-shuke. Tsuntsaye na maƙalewa a ciki. Bara da almakashi muka ceto wani a gidan maƙwabciyata.

Ɗan autan zaure: Mu ma ai yanar gizo ce ta kama mu, ga mu nan tun safe a waya.

Malam na Chicago: Ina ta karantawa ina jira wani ya faɗa. Bikin nan tushensa al'adar mutanen Ireland ce ta da, Samhain, daren da suke cewa matattu na dawowa. Mu da muka san kabari gidan gaskiya ne, mu kafa shi a ƙofar gida don wasa? Yara su yi kuka yau ya fi.

Anti 'yar Jos: Malam, ko a cocinmu ba a yi, bikin kaka ake shirya wa yara a daren. Amma kabewa da ganyen masara ai kwalliyar kaka ce kawai, ba ruwansu da matattu.

Ɗan autan zaure: To tashe fa? Yara su yi shigar ban dariya su bi gida-gida a ba su abu. Bambancin me?

Malam na Chicago: A tashen garinku an taɓa jera maka kaburbura?

Kawu na Bronx: Auta bai taɓa tashe ba, a Legas ya girma.

Ɗan autan zaure: Kawu, Agege fa. Mun fi ku iya tashe.

Shugabar zaure: Don Allah a tsaya haka. Bara a kan wannan maganar mutum biyu suka fita. Kowa ya san malaminsa.

Hajiya ta Maryland: Maman Tagwaye, ko kin yi ko ba ki yi ba, ki san wannan. Daren 31 ga wata in fitilar ƙofarki na kunne, yara za su yi ta danna ƙararrawa suna neman alewa. In ba kya so, ki kashe ta, sun gane. In kuma naki sun samo alewa, ki duba bayan leda, da yawa daga cikin masu danƙon nan da gelatin ake yi, kuma sau da yawa na alade ne.

Anti 'yar Jos: Kuma 1 ga Nuwamba kayan ke faɗuwa rabin kuɗi. Mai haƙuri ya sayi na baɗi.

Kawu na Bronx: Wai wa ke dawowa daga gida cikin watan nan? Daddawata ta ƙare.

Baban Walida: Hajiya za ta dawo a Disamba. Da kanta ta zaɓi watan.

Maman Tagwaye: Na gode duka. Maigida ya ce ban da kabari da ƙwarangwal, don haka kabewa uku na sayo ɗazu da damin ciyawa da fitilu ruwan goro. Ban ma gama jerawa ba kurege ya fara cin ɗaya.

Hajiya ta Maryland: Barbaɗa mata barkono, ba ya so.

Kawu na Bronx: Ban da yajin ƙuli dai, kada ya kira 'yan uwansa.