Keken Fiks a Titin Katsina: Ƙafa Ta Isa Birki?

Abba: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Na samu bodin keken tsere na gwanjo a Kano, irin wanda ake kira fiks, ba shi da firwil, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa. Na ƙarfe ne, an buga 58 a jikinsa, wato girman bodin, fok ɗinsa kuma, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ba hujin birki. So nake in haɗa shi in riƙa zuwa makaranta, daga Ƙofar Marusa zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Shamsu ya ce kada in ɓata shi da birki, wai fiks na gaske ƙafa ce birkinsa. Me kuka gani?

Shamsu Daura: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Ba da birki aka ƙera keken nan ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ma ta hana birki a gasar fili, wato wadda ake yi a keɓaɓɓen filin tseren keke. Sifaket ɗin baya, wato ƙaramin giyan da kaca ke ja, ɗaure yake da hob, cibiyar taya, in ka tauye feda gudu ya ragu, in ka turo jikinka gaba ka ƙame ƙafafu sai taya ta tsaya ta ja ƙasa. Haka nake hawan nawa daga wajen Kusugu har hanyar Mai'aduwa. Kuma wanda ya san ba shi da birki idonsa a buɗe yake, tun daga nesa yake karanta hanya. Mai birki shi ke sakin jiki ya yi ta zuba gudu.

Injiniya Mansur: Shamsu, dokar da ka kawo gaskiya ce, amma ka bar dalilinta a baya. A filin tsere kowa gefe ɗaya ya nufa, ba mahaɗa, ba mai tsallaka titi, kuma tayar na baya kusan tana shafar ta na gaba. Mutum ɗaya ya matse birki a wannan cunkoso, duk na bayansa sun zube. Don haka aka hana. Filin da muke da shi a ƙasar nan yana Abuja, cikin filin wasa na Moshood Abiola, an gina shi don wasannin Afirka na 2003. Abba kuwa hanyar Dutsin-ma zai bi, tsakanin 'yan acaba da 'yan ƙurƙura da tifa.

Shamsu Daura: Yaya Mansur, ai tsayawa tsayawa ce, ko da hannu ko da ƙafa.

Injiniya Mansur: Ba ɗaya ba ce, kuma lissafi ne ya raba su. Duk lokacin da keke ke rage gudu, nauyin mahayi gaba yake komawa. Tayar gaba ta ƙara danne kwalta, ta baya ta yi sakayau. Ƙafarka kuwa tayar baya kaɗai take riƙewa, wato wadda ƙasa ta fara suɓuce mata. Shi ya sa take ja da sauƙi, kuma taya mai ja ba ta kama ƙasa kamar wadda ke juyawa. A busasshiyar kwalta birkin gaba yana tsayar da keke a kusan rabin tazarar da na baya zai ci. Ɗauki gudun kilomita 25 a awa, wato kusan mita 7 a daƙiƙa. Da birkin gaba mai kyau za ka tsaya a wajen mita 5, da tayar baya kaɗai wajen mita 10, in ma ka ƙware ke nan. Mita 5 ɗin da ke tsakani sun fi tsawon ƙaramar mota.

Shamsu Daura: To ga abin da lissafin bai gani ba. Gefen titunanmu duk rairayi ne, balle in hunturu ya kankama. Ka matse birkin gaba a kan rairayi ka gani, tayar gaba za ta zame ka sha ƙasa kafin ka ce me. Ta baya in ta zame ana iya tallabo keke, ta gaba ba a iyawa. Sannan a duba kekunan da ke yawo cikin gari, nawa ne birkinsu ke ci? Yara da silifa suke danne taya.

Koci Kabir: Maganar rairayin nan ka yi gaskiya, kuma ba ƙaramar magana ba ce. A kan yashi da tsakuwa ƙafa ta fi, nan fiks yake nuna kansa, don kana jin tayar baya a tafin ƙafarka tun kafin ta zame. Amma ba wanda ya ce a cire wa Abba ƙafa. Cewa muka yi a ƙara masa birkin gaba, ya riƙe biyu, ya zaɓi wanda wuri ya nema. Su kansu 'yan tseren keirin na Japan, inda ake wannan gasa tun 1948, in za su fita atisaye a titi akwai birki na maƙalawa da suke ɗaura wa kekunansu, don dokar ƙasarsu ba ta yarda keke ya hau hanya ba birki ba. Yaron da ke danne taya da silifa kuwa a kan Phoenix yake, yana tafiyar da ba ta wuce sassarfa ba. Keken da Abba zai haɗa yana taɓa kilomita 30 a awa ba tare da ya sani ba.

Baba Lawal: Salamu alaikum. Abba ɗana, ni ban yi boko ba, abin da ke zuwa rumfata shi zan hwaɗa. Wanga keke duk tsayawarshi a kan kaca take. Kaca ta faɗi ko ta tsinke, to ba ka da komai, sai dai Allah ya kiyaye. Kuma kaca tana faɗuwa, in ta yi sako-sako ko faranti, babban giyan wajen feda, da sifaket ba su kan layi ɗaya. Wasan da ake bar mata bai wuce santimita ɗaya sama da ƙasa ba, kuma a juya feda a gwada wuri-wuri, don faranti ba ya zama daidai ko'ina, akwai inda za ta ɗame akwai inda za ta saki.

Na biyu shi ne ya fi damuna. Yara suna kawo mani keke su ce a kai firwil wajen mai walda a ƙone shi ya zama fiks. Ba na yi. Hob na keken gida tiredi ɗaya gare shi, wato wurin murɗawa irin na noti. In ka taka gaba firwil ƙara ɗaurewa yake, in ka danna baya da ƙarfi kwancewa yake. An kawo mani wani da aka yi wa haka a wani wuri, na riƙe taya na danna feda baya da hannu ɗaya, sai ga shi ya walwale kamar murfin kwalba. Hob na fiks na ainihi tiredi biyu gare shi, babba na sifaket, ƙarami a wajensa na zoben kulle, shi kuma hagu ake ɗaure shi. In sifaket ya nemi kwancewa sai ya ƙara matse zoben. Wanda bai ga tiredi biyun nan da idonsa ba kada ya biya kuɗin wili.

Abba: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To in na kawo za ku iya huda mini fok ɗin?

Baba Lawal: Sai na gani. Wasu ana hudawa, wasu wurin ya yi siriri, kuma ƙafafun fok na fili ba don birki aka yi su ba. Ya fi mani kwanciyar rai a nemo fok na keken tsere na titi mai hujinsa. A auna wuyan dai, akwai inci 1 akwai inci 1 da ɗigo, ba su shiga gidan juna.

Malama Rabi: Ni ba mahayiya ba ce, yarana nake saya wa keke shi ya sa nake cikinku. Amma ina koyarwa a Islamiyya a bakin titi, kuma na san yadda yara ke fitowa in an tashi, ba mai duba dama balle hagu. Duk maganar da aka yi ta ƙwarewar mahayi ce. Shi yaron da ya faɗo titi bai san kun ƙware ba. Don Allah Shamsu ka sa shi cikin lissafinka.

Injiniya Mansur: Abin da Malama ta faɗa ya taɓa faruwa. A Landan, 2016, wani matashi a kan keken fili marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu. A 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. Dokar Ingila ta yarda fiks ya tsaya a madadin birkin baya, amma na gaba dole ne.

Shamsu Daura: Allah ya kiyaye. Malama, na ji, kuma ba na wasa da ran yara. Cikin gari ba na wuce gudun da zan iya tsayawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce duk marar birki ganganci yake yi.

Koci Kabir: Kai ka saba. Abba bai taɓa hawa ba, kuma duk sabon hawa akwai ranar da zai manta ya daina taka feda kamar yadda ya saba a keken gida, fedar ta cillo shi sama daga kan sirdi. A wannan lokacin hannu ne kawai ke da sauran dabara.

Amma ni akwai abin da ya fi birki tsaya mini a rai tun saƙon farko. Abba, nawa ne tsayinka?

Abba: Santimita 168 ne, Koci.

Koci Kabir: To 58 ba naka ba ne, na mai tsayi 180 zuwa sama ne. Ka cire takalmi ka jingina da bango, ka sa littafi tsakanin cinyoyinka ka tura shi sama sosai, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A ce an samu santimita 78. Ninka da 0.65, ya ba ka kusan 51, shi ne girman bodinka. Ninka da 0.883, ya ba ka kusan 69, shi ne daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Awon farawa ne, daga nan jiki zai faɗi sauran. In ka hau ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba.

Kada wani ya ce maka a sauke sirdi kawai. Bodi in ya yi girma tsawonsa ma ya yi, za ka yi ta miƙa hannu kana neman kan keken, wuya da gadon baya su ɗauki ciwo. A keke mai firwil kana iya tsayar da feda ka gyara zama. A fiks ba wannan hutun, gwiwa tana aiki tun daga ƙofar gida har ka sauka, duk kuskuren awo a kanta yake ƙarewa.

Injiniya Mansur: Ƙari a kan na Koci. Bodin fili faɗin wurin da wilin baya ke shiga milimita 120 ne, na keken titi ya fi haka, ka san wilin da za ka nema. Bakin da wilin baya ke shiga baya yake kallo, da shi ake ja a ɗame kaca. Bodi mai baki na tsaye ba ya yin fiks cikin sauƙi. Sandar feda ka nemi mai tsawon milimita 165, don a kwana ba ka da ikon ɗage fedar ciki, doguwa tana iya dukan kwalta ta ɗaga tayar baya. Matsalar bodin fili a garinmu ita ce matsi, da yawa ba sa ɗaukar taya da faɗinta ya wuce milimita 25. Ramukanmu da ƙaya sun fi son 28 ko 32.

Shamsu Daura: Giya kuma ya sa 48 da 16, wato haƙora 48 a faranti, 16 a sifaket, shi nake hawa.

Injiniya Mansur: Ya yi wa sabon hawa nauyi, kuma kai ma yana cinye maka taya. 48 a raba da 16 ya ba da 3 cif, ma'ana duk sanda ka ƙame ƙafa wuri ɗaya na tayar ke gogar ƙasa. Da 17 a baya wuraren sun zama 17. Abba ya sa 46 da 17. Kowane zagayen feda mita 5.7 ne, naka 6.3. Ya fi sauƙin tashi, ya fi sauƙin tauyewa, kuma a zagaye 90 a minti yana ba da kilomita 30 da ɗoriya a awa. Ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, abin da zai yi fama da shi iskar hunturu ce in ta taso ta gaba.

Shamsu Daura: Wannan kam na gani a tayata, wuri ɗaya ne ya cinye har zare ya fito. Zan nemi 17. Amma birki ina nan a inda nake. A gwada mana. Asabar da safe a harabar filin wasa na Karkanda, a ja layi, ni da ƙafa, Koci da birkin gaba, gudu ɗaya, a auna da tef. Sannan a koma kan rairayi a sake.

Koci Kabir: Na yarda, har da na rairayin. Kowa ya zo da hular kwano. Kuma ka zo da maɗaurin ƙafarka, don fiks ba maɗauri feda tana kufcewa ta dawo ta sari ƙwauri.

Abba: Na kira mai bodin, ya ce akwai wani 52 amma fenti ya ɗan kwaile, shi fok ɗinsa da huji. Zan karɓo shi a madadin wancan, in sa birkin gaba. Yaya Mansur, kaca wace iri?

Injiniya Mansur: Mai faɗi, 1/8, irin ta keken gida. Tana hawa kan siririn sifaket da mai kauri, siririyar kaca kuwa ba ta hawa mai kauri.

Baba Lawal: Ita akwai ta a kasuwa. Taya 700 da tif ɗinta su ne ba kullum ake samu ba, ka haɗo biyu-biyu daga Kano, da ɗan bakin da ake ɗaura wa bawul ɗinta, don famfon masu faci ba ya kama siririn bawul. Kada ka goge kaca da tsumma taya na juyawa, sifaket ba ya sakin yatsa. Ka kawo bodin ranar Alhamis bayan La'asar in duba ko ya taɓa lanƙwasa kafin ka sayi sauran kaya.