Handsworth: su wa suka gina manyan gidajen nan, kuma ina suka tafi?

Sabon_Zuwa:
Assalamu alaikum jama'a. Na kama ɗaki a Handsworth ta Birmingham, ba nisa da Soho Road, don hayar da ɗan sauƙi. Tun kafin in tare duk wanda na gaya wa sai ya ce in yi hattara. Amma gidan da nake ciki ya ɗaure mini kai: bene hawa uku na jan bulo, tayil mai zane a zaure, a ɗakina kuma ga murhun ɗumama ɗaki an toshe shi da falanki. A bakin ƙofa ƙararrawa shida ce, kowa da tasa. Wanda ya gina wannan gida ba talaka ba ne. Su wa ke nan da, me kuma ya tashe su?

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Idonka bai yi ƙarya ba. Na tsufa ina tuƙa bas a titunan nan, bari in ba ka abin da na sani.

Handsworth ƙauye ce a da, a yankin Staffordshire, sai 1911 aka haɗe ta da Birmingham. Mutumin da ya fara sauya ta shi ne Matthew Boulton, wanda ya kafa masana'antar Soho a shekarun 1760, ana ƙera maɓallai da ƙananan kayan ƙarfe da na azurfa. Daga baya ya haɗa hannu da James Watt na injin tururi, har ya kai ga buga wa Ingila kwabbai a 1797. Su biyun ne a bayan tsohuwar takardar fam 50 da aka daina karɓa a 2022. Kabarinsu na cocin St Mary da ke gefen Handsworth Park, tare da William Murdoch mai fitilar gas. Masana'antar an rushe ta tuntuni, gidan Boulton ne ya rage, Soho House, an mai da shi gidan tarihi.

Irin gidanka kuwa na zamanin Sarauniya Victoria ne. Masu masana'antu da manyan maƙeran zinariya na unguwar Jewellery Quarter suka gudu daga hayaƙin tsakiyar gari suka gina su. Ɗan ƙaramin ɗakin can saman rufi na 'yar aiki ne, yau wani na biyan kuɗin haya a kansa. Da mota ta yawaita sai masu hali suka ƙara gaba zuwa wurare irin su Sutton Coldfield da Solihull, aka bar gidajen da iyali ɗaya ba zai iya ɗumamawa ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ana neman ma'aikata ido rufe a wuraren narka ƙarfe da bas da asibitoci. Mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan suka zo, sai 'yan Punjab, sai na Pakistan da Bangaladash. A unguwanni da yawa an ƙi ba su haya saboda launin fata. Adashe suka riƙa yi suna sayen tsofaffin gidajen nan, mai gida ya zauna a ƙasa ya zuba 'yan haya a sama. Ni dai a ganina su suka ceci gidajen, da ba su ba da yawancinsu sun sha katafila.

Maman_Biyu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ka tsallake abin da ya tambaya a fakaice. "Hattarar" nan daga tarzomar 1981 da ta Satumban 1985 ta samo asali, lokacin da masana'antu suka durƙushe, matasa ba aiki, ga tsama tsakaninsu da 'yan sanda. A ta 1985 wasu 'yan uwa biyu suka mutu a gobarar gidan waya a Lozells Road. Sunan ya manne, har wanda bai taɓa taka unguwar ba yana da labarinta a baki.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yanzu masu gidajen ne. Na da yana kwana a gidan, in famfo ya fashe shi ma ya jiƙe. Na yanzu ko fuskarsa ba ka sani ba, ya yanka gida ɗaki-ɗaki ya tafi. A layinmu gida uku aka yi wa haka, maƙwabta na sauyawa kafin ka riƙe sunansu, katifa kuma a yashe bakin titi.

Tsohon_Direba:
Gaskiyarki 'yata, ban musa ba. Sai dai ki bar shi ya ga Soho Road da yamma tukuna: shagunan zinariya da na kayan amare, ga babban wurin ibadar Sikh mai farar ƙubba, a bakin ƙofarsa ba a tambayar addininka kafin a ba ka abinci.

Sabon_Zuwa:
Na gode Baba, na gode Yaya. Cocin St Mary ɗin nan ana barin kowa ya shiga ya gani?

Maman_Biyu:
Ana bari, amma ba kullum yake a buɗe ba, ka bincika lokaci kafin ka je, haka ma Soho House. In ka tarar a rufe ka zaga Handsworth Park, tun 1888 take nan, ga tafki a ciki. Ka tafi da rigar sanyi.