Kashi 95 cikin ɗari, me ake nufi?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Tun lokacin korona wannan abu ke damuna. An ce rigakafin Pfizer na aiki kashi 95 cikin ɗari. Ke nan in an yi wa mutum ɗari a Damagaram, biyar za su kamu?

Ƴar Zango: A'a, malam. A gwajin 2020 an raba mutum sama da 40,000 gida biyu, rabi allurar gaske, rabi ruwan gishiri. Cikin 170 da suka kamu, 162 ƴan ruwan gishiri ne, 8 kaɗai masu allura. Kwatancin nan ne ya ba da 95: 8 kusan kashi 5 ne cikin ɗari na 162, wato allurar ta rage kamuwa da kashi 95 cikin ɗari.

Dattijon Sabon Gari: Madalla, ƴata. Amma mu nan wa ya ƙirga mu? Mutumin ƙauye in masassara ta kama shi, sai ya jiƙa saiwa ya sha, ba ya zuwa gwaji.